Kun Gyara Mana Hanya, Kun Ɓatar da Mahaifina

Zuwa ga Malam Garba, Shugaban Ƙungiyar Raya Hayin Kanya, da dattawan kwamitin da ke zama tare da shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran jama'ar gari. Yaya zafi, yaya shirin damina? Allah ya sa mu ga saukarta lafiya.

Ni ne Bulus, ɗan Baba Ishaya mai saƙar kujera, na gidan ƙarshe ta gabashin unguwa. Kai ba sai na gabatar maka da kaina ba, don kai ka koyar da ni a aji huɗu. Na faɗa ne saboda waɗanda za su karanta wannan takarda ba su san mu ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina Fatakwal ina aikin walda. Sau ɗaya nake zuwa gida a shekara, lokacin Kirsimeti, in an ba ni hutu. Bara ba a ba ni ba.

Ban so maganar nan ta fita waje ba. Na kira ka a waya sau uku. Na farko ka ce kana wurin jana'iza, kuma gaskiya ne, na ji hayaniyar mutane. Na biyu ka saurare ni har na gama, ka ce za a duba. Na uku wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na rubuta a zauren ƙungiya da ke waya, mutum biyu suka manna mini hoton babban yatsa, wani ya manna hannuwan addu'a, sannan aka koma gardamar taki. Ƙanwata Saratu ta rufe shagonta a kasuwar Sabon Gari, ta hau mota ta zo taron wata, aka ce mata maganarta ba ta cikin jerin abin da za a tattauna, ta dawo wata mai zuwa. Kafin wata mai zuwa kuwa ruwa ya sauka. Shi ya sa na rubuta a fili. Ba don in tona wa kowa asiri ba ne, tsoro ne ya ishe ni.

Ga wanda bai san garinmu ba, Hayin Kanya tana bayan Bomo. Hanyar ƙafa guda ɗaya ce ta haɗa mu da titi. Ta ratsa gonaki, ta tsallake rafi, ta ɓulla bayan rumfar kafintoci, daga nan mutum ya sami motar Samaru. Duk abin da muke nema a duniya, asibiti, kasuwa, makaranta, coci, ta wannan hanya ake zuwa masa.

Mahaifina ya makance shekara goma sha biyar da suka wuce, hawan jinin ido ne, bayan ya bar aikin lebura a gonar jami'a. Bai zauna ba, bai kuma miƙa wa kowa hannu ba. Ya koyi saƙar kujera da igiyar roba, kafintoci suka ba shi kusurwa a rumfarsu. Kullum da safe yana fita shi kaɗai da sandarsa, ya dawo da la'asar, ran Lahadi kuma ya bi hanyar ya tafi sujada. Bai taɓa yarda a ja shi ba. Yadda yake yi shi ne: daga ƙofar gidanmu har mangwaron Malam Sale akwai shingen bini-da-zugu da aduruku ta hannun hagu, wanda kakanninmu suka dasa don ya raba hanya da gonaki. Sandarsa na taɓa shingen yana tafiya. In ya ji inuwar mangwaro a kansa da saiwoyi a ƙarƙashin ƙafarsa, ya san gangara ta zo. Ya sauka kai tsaye, ya tarar da guma-guman giginya biyu da aka gitta a kan rafi, da gorar da aka ɗaura a gefe don riƙewa. Shi ya fara ɗaura gorar nan tun yana gani. Shekara goma sha biyar bai taɓa faɗuwa ba. Har tsokanarmu yake yi, yana cewa, "Ku masu ido ku ke tuntuɓe, don wayarku kuke kallo. Ni ƙasa nake saurara."

To, da rani ya shigo ƙungiya ta yi aikin da aka daɗe ana nema. An faɗaɗa hanya, an zuba marmara, an yi kwalbatin siminti a kan rafi. Zan faɗi gaskiya a nan, don ba na so a ce Bulus ya ci ya goge baki. Aikin alheri ne. Da idona na taɓa ganin an ɗauko mai naƙuda a kan ƙyauren ƙofa ana tsallaka giginyar nan da ita. Yanzu an gaya mini keke mai ƙafa uku yana shiga har tsakiyar unguwa. Na san yawon da ka sha, ranka ya daɗe, na san takalminka ya ƙare a kan wannan aiki, na san kuma ba a biyan ka ko sisi. Ni ma na aiko da nawa kason da farin ciki. Da aka sa hotunan aikin a waya, ina cikin waɗanda suka fara rubuta Allah ya saka. Na ga an sare shingen a hoton, na ce kai, wuri ya yi fes. Ni da na tashi ina jin ƙarar sandarsa a jikin shingen nan, ban tuna ba. Saboda haka in ana rabon laifi a fara ba ni nawa.

Ga abin da ya faru.

Makonni ukun da aka yi ana aikin, Baba yana kwance da zazzaɓi da tari. Masu zuwa gaishe shi kowa sai ya ce masa, "Baba, an yi mana gada." Shi kuma ya ce madalla. Kowa ya gaya masa an yi gada, babu wanda ya gaya masa inda aka yi ta. Domin ba a yi ta inda giginya take ba. Motar yashi ba za ta iya sauka can ba, sai aka kauce da hanyar daga gindin mangwaro zuwa dama, aka yi kwalbatin a ƙasa kaɗan. Giginyar kuma aka janye ta, aka tsaga aka yi azarar rumfar taro, gorar aka yi makamashi da ita. Tsohuwar gangarar kuwa aka bar ta a buɗe yadda take, har yau a tattake, don awaki na bi, mata ma na bi su ɗebo yashi daga gefe.

Da can in an canja hanya, ko rijiya ta rufta, ko an haƙa rami, mai shela ke zagaya unguwa da bakinsa ya faɗa, mai ido da marar ido kowa ya ji. Wannan karon hotuna ne suka yi shelar. Mama ta ɗauka mazan rumfar kafintoci sun yi masa bayani, mazan rumfa sun ɗauka Mama ta yi. Ni kuma da nake kiransa duk mako, tari kawai nake tambaya.

Ranar Lahadin da ya ji sauƙi, Mama ta riga shi fita kamar yadda ta saba, don matan zumunta ne ke sharar coci. Ya sa rigarsa ya ɗauki sanda. Ya lalubi shinge bai samu ba, sai kututture nan da can. Da wani ne da ya juya, amma kun san halinsa. Ya bi kututturan har ya ji inuwar mangwaro, ƙafarsa ta yi abin da ta saba, ya gangara kai tsaye.

Akwai wata Bayarbiya, Iya Risi, mai sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari, tana zuwa lambun bakin rafi sarin tumatir. Allah ya sa ranar ta makara. Tana hawowa da kwando a ka ta hango tsoho da farar riga yana saukowa inda babu gada, a natse, har yana rera waƙar coci a hankali. Ta yar da kwandon ta ruga tana cewa, "Baba tsaya! Tsaya haka, kada ka ƙara taku!" Ta cafko rigarsa ta baya. Shi kuwa har ya fara faɗa, ya ce, "Wace ce wannan? Sakar mini riga, gada zan hau." Ta ce, "Wace gada, Baba? Miƙa sandarka ka ji." Ya miƙa sanda gaba, ya miƙa ƙasa, ya ƙara miƙawa. Babu komai. Sai ya zauna a wurin, a kan turɓaya, da rigarsa ta zuwa coci. Sannan ya ce, "'Yata, wa ya ɗauke ta?"

Taku biyu ya rage, ranka ya daɗe. Ka san zurfin wurin nan tun da zaizaya ta cinye shi, ya fi tsayin mutum biyu, ƙasansa kuma duwatsu ne.

Ta rako shi har ƙofar gida. Ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Da Mama ta dawo ya ce mata kansa ne ya yi ciwo ya fasa zuwa. Ba don Iya Risi ta san Saratu a kasuwa ba, ta kasa haƙuri bayan kwana huɗu ta je ta same ta, da har yau ba mu sani ba. Saratu ta so ta biya ta tumatir ɗin da ya fashe, ta ƙi karɓa, ta ce ita ma tana da uba. Wannan ɓoyewar da ya yi ita ta fi ba ni tsoro. Mutumin da ya ɓoye wannan, me kuma yake ɓoyewa? Sau nawa ya sake gwadawa ba mu sani ba?

Mako bakwai ke nan. Bai koma rumfa ba. Kujeru uku na mutane suna can rabi da rabi. Mama ta ce yana zama a tsakar gida ya juya fuskarsa wajen ƙofa, in ya ji ƙarar babur ya ɗaga kai. Abinci ma ya rage ci. Ni kuma a nan, duk lokacin da waya ta yi ƙara na ga sunan Mama, sai na ajiye abin walda na nemi wuri na zauna kafin in ɗauka. Maigidana ya tambaye ni ko na fara shan wani abu ne, don ya ga hankalina ba ya kan aiki. Ko yanzu aka kira ni aka ce in taho, sai gobe war haka zan ga Samaru. Babu abin da zan iya tarewa daga nan.

Yanzu bari in jera abubuwan da suka lalace, yadda Saratu ta bi hanyar da ƙafarta ta duba mini, ta kuma aiko mini da hotuna.

Na ɗaya, tsohuwar gangara tana nan a buɗe. Ko reshen ƙaya ba a gitta ba. Wannan ba maganar makaho kaɗai ba ce. Duk baƙon da ya san tsohuwar hanya, duk tsohuwar da idonta ya yi yana, ƙafarsu can za ta kai su. Yanzu rafin a bushe yake. In ruwa ya sauka ya cika ya kawo baki, wanda ya zame a nan ba a nan za a neme shi ba.

Na biyu, kwalbatin ba shi da abin riƙewa ko ɗaya, hagu da dama. Falalen siminti ne kawai, faɗinsa daidai keke, gefensa a sake. Tsohuwar giginyar da muke rainawa ta fi shi tausayi, don ita tana da gora. Kuma bakinsa ya ɗaga sama da hanya da kusan kamu guda, ƙasar da aka cika wurin da ita ta riga ta zube tun kafin ruwa. Malam Idi mai gyaran takalmi, wanda ke tuƙa keken guragu da hannu, sai ya tsaya a nan ya jira wani ya zo ya ɗaga masa ƙafar gaba. Da can ma ɗaukarsa ake yi a tsallakar, na sani. Amma an ce mana wannan aikin na kowa ne.

Na uku, shingen. An ce an sare shi don keke ya sami wurin wucewa. Ban ƙi ba. Amma ta hannun dama ai gona ce a buɗe, kunya biyu aka ci daga can da an sami faɗin da ake so. Na san dalilin da ya sa ba a yi haka ba, kowa ma ya sani: shinge ba shi da baki, mai gona yana da shi. Kuma kafin wani ya tuna mini, ni zan faɗa da kaina, gonarmu ma tana cikin waɗanda suka ci hanya. Kowace huɗa sai an ƙara kunya ɗaya, shekara da shekaru, har hanyar da iyayenmu suka ce dole mutum huɗu ɗauke da makara su wuce ba tare da sun karkata ba ta koma ta mutum ɗaya. Dukanmu muka ci hanyar nan. Da aka tashi biya, sai aka biya da abin da makaho ke tafiya da shi.

Na huɗu, daga baya an haƙa lambatu a daidai inda shingen yake, ya bi ta ƙofar gidaje biyar har da namu, ba a rufe ko ɗaya ba. Mama ta gitta wani tsohon katako. Taku uku daga ɗakinsa ke nan.

Na biyar, babura. Tun da hanya ta yi faɗi 'yan acaɓa ke gudu a kanta kamar titi, musamman masu kai ɗalibai sababbin ɗakunan haya na bakin gari. Ba na zagin yaran nan, abinci suke nema, kuma da yawansu suna gaishe da Baba. Amma mai babur in ya danna oda yana nufin a kauce. Wanda ba ya gani, ba shi da shinge, lambatu na hagunsa, ina zai kauce?

Na ji amsoshin da ake bayarwa a bayan idona, kuma gara in amsa su a nan.

An ce a riƙa ɗaukarsa a babur. An gwada sau biyu ran Lahadi. Ya ce jiri yake ji, bai san inda yake ba, kamar buhu aka ɗora. Na biyun ya sauka ya yi amai a bakin coci a gaban mutane. An ce a samo masa mai ja. Gidanmu daga shi sai Mama, ita ma gwiwa ta hana ta sakat, kuma mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana kai kansa, ba mu muka isa mu ce masa yau ya kama sandar wani ba. An ce Saratu ta ɗauke shi zuwa gidanta a Dogarawa. Ciki da falo ne, ita da mijinta da 'ya'ya huɗu, a unguwar da bai san ko taku ɗaya ba. In muka kai shi can mun ajiye shi ke nan a kan tabarma sai ranar da aka ɗauke shi. Saratu ta taɓa masa maganar, ya ce, "Ki bari in na mutu sai ki kai ni, lokacin ba zan yi gardama ba."

Akwai kuma wanda ya ce, a wurin taro, a gaban ƙanwata, wai makaho ai zaman gida ya kamace shi. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Abin da zan tuna masa kawai, kujerar da yake zaune a kai lokacin da ya faɗi haka, makahon ne ya saƙa ta. Na gode wa waɗanda suka ce masa ya janye, an gaya mini kai ne na farko.

Ga abin da nake roƙo. Ba tsada ne da shi ba, kuma ban ce a rushe komai ba.

A toshe tsohuwar gangara. Turaku huɗu a kafa a gindin mangwaro, a gitta gora biyu, ɗaya daidai gwiwa don sanda ta same ta, ɗaya daidai ƙirji. Kada a sa ƙaya, awaki za su janye ta, kuma mai lalube da hannu ita zai fara kamawa. Wannan aikin safiya ɗaya ne. Shi ne na gaggawa, sauran duk za su iya biyo baya.

A sa wa kwalbatin ƙarfen riƙewa hagu da dama. Wannan sana'ata ce, kuma abin da ke ci mini rai ke nan, kullum ina yi wa benayen mutanen da ban sani ba irinsa. Na zana yadda za a yi, na yi magana da wani abokin aikina mai walda a Samaru, ya yarda zai yi, ni zan sayi ƙarfen. Abin da ya tsayar da mu shi ne sakataren ƙungiya ya ce ba mai taɓa aikin ƙungiya sai an zauna. To, ina roƙon a zauna, ko kuwa ka ba da izini da bakinka. A kuma cika bakin kwalbatin da dutse da siminti ya zama gangara mai sauƙi, don Malam Idi ya daina jiran mai wucewa.

A mayar da shingen ta hannun hagu, tsakanin hanya da lambatu. Bini-da-zugu ba ya son lallashi, reshe ake yanka a soka a ruwan farko ya kama. Gayya guda ta isa. Kafin ya girma a kafa turaku a ja igiya. In faɗin ya gaza, a fara cin kunya daga gonarmu, na yi magana da Mama ta yarda. Ina fata in an ga mun bayar, maƙwabta za su ji kunyar hanawa.

A rufe lambatu a ƙofar gidajen nan biyar. A kuma kira shugaban 'yan acaɓan tashar bakin titi a gaya masa gefen shinge na masu ƙafa ne, yaransa su bar shi, su kuma rage gudu daga mangwaro zuwa rafi.

Na ƙarshe ba na kwamiti ba ne, naka ne kai kaɗai. Kai sa'ansa ne, tare kuka yi kiwo. Abin da ba zai karɓa daga matarsa ko 'ya'yansa ba zai karɓa daga gare ka. Ka je ka same shi, kada ka ce ka zo koya masa hanya, ka ce ya zo ya duba muku aiki. Ku taka tare kafaɗa da kafaɗa kamar masu hira, daga ƙofar gida har rumfa, sau biyu ko uku. Ka bar shi ya ƙirga takunsa, ka bar shi ya faɗi inda ya kamata turke ya tsaya. Babu wanda ya san hanyar nan kamarsa a duk Hayin Kanya, kuma shi kaɗai ne ba a tambaya ba.

Da na so in tsaya a nan, amma yau da safe Mama ta kira ni. Ashe tun kwana goma da suka wuce ta ɓoye takalmansa duka biyu a cikin rumbu, don ta lura in ta tafi ɗibar ruwa tana dawowa ta tarar da jar ƙasa a jikinsu. Ya neme su bai same su ba. Jiya ya kira ta ya ce, "Ladi, ki bar wahalar da kanki. Ba takalmi na fi jin ƙasa." Ya ce Lahadin nan zai tafi sujada da ƙafarsa, shi kaɗai, kuma duk wanda ya biyo shi a baya zai ji takunsa ya juyo gida, ya sake fita ranar da ba wanda ya sani. Ta ba shi wayar, na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Bulus, ka gama? To ka koma bakin aikinka kada a rage maka albashi." Na san wannan muryar. Zai fita. Mama kuma ta ce tun shekaranjiya gabas take haɗa hadari.

Ba na roƙon ku hana shi, na gwada na kasa. Roƙona shi ne in ya kai gindin mangwaro ƙafarsa ta ja shi gangara, sandarsa ta bugi wani abu. Yau Talata ce, ranka ya daɗe. Turaku huɗu da gora biyu, kafin Lahadi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya saka maka wahalar da kake sha a kan garin nan, ya bar maka idonka da ƙafarka har ƙarshen rayuwarka. Allah ya kiyaye iyalinka, ya ba dattawan kwamiti haƙurin karanta abin da na rubuta cikin ɗaci. In na yi kaushin harshe a gafarce ni, ban iya tsoro da ladabi a lokaci ɗaya ba.

Wassalam, ina sauraron waya.

Naka,
Bulus ɗan Baba Ishaya,
daga Fatakwal.